Fashin Baƙi: Me Ya Sa Harsashi Ke Kauce Wa Inda Aka Saita Shi?

Bindiga ɗaya ce, mutum ɗaya ne ya riƙe ta, abin da ake hari bai gusa ba, iska ma a kwance take. To me ya sa harsashi na farko zai faɗa daidai inda aka saita, na biyu ya goce da taƙi guda, na uku kuwa a neme shi a rasa? Tambayar ta daɗe a bakin maharba, amma yanzu ta fito majalisun cikin gari, tun da aikin mafarauta da 'yan banga ya zama abin hira a Alkaleri da Ningi da Toro, inda suke rufa wa jami'an tsaro baya wajen shiga daji. Amsar da aka fi ji ba ta wuce uku: ko hannun mai harbi ne ya yi rawa, ko bindigar ce ta gaji, ko kuma wanda aka hara yana da kau-da-bara. Akwai ta huɗu da ba a cika kawowa ba, wato harsashin kansa. Yana iya fitowa daga masana'anta a karkace, irin karkatar da ido ba ya gani, kuma tun kafin a ja kunama ta riga ta sa hannu a inda zai nufa. Batun yana da tasiri na gaske, sai dai ba a kan kowace bindiga yake bayyana ba, kuma a nan ne ake yawan ruɗewa.

Me ake nufi da daidaiton cibiya?

Abin da muke kira harsashi a dunƙule abubuwa huɗu ne. Akwai kwanso, gwangwanin tagulla ko na ƙarfe da ke faɗowa ƙasa bayan harbi. A cikinsa albarushi yake. A gindinsa akwai ɗan maɓalli da allurar bindiga ke doka ya ba da tartsatsi. A bakinsa kuma, inda ya tsuke ya yi wuya, an cusa ƙwayar da ke fita ta yi ɓarna. Ƙwayar galibi dalma ce ko ƙarfe daga ciki, aka sa mata riga ta jan ƙarfe.

Yanzu a ɗauka an ja wani siririn layi tun daga tsakiyar gindin kwanso har ya fita ta tsinin ƙwaya. Idan tsakiyar kwanso da ta wuyansa da ta ƙwaya duk sun hau wannan layi, kuma layin ya dace da tsakiyar bututun bindiga, to harsashi ya samu daidaiton cibiya. Idan ɗaya ya sauka daga layin, ko da da kaurin gashin kai ne, an samu karkata.

Hanyoyin da take shigowa uku ne, kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Wani lokaci ƙwayar lafiya take, amma injin da ya cusa ta a wuyan kwanso ya danna ta a gicciye, sai ta zauna tana ɗan leƙen gefe. Wani lokaci bangon wuyan kwanso ne ya fi kauri a ɓangare guda, sai ya ture ƙwayar zuwa ɗaya ɓangaren, tana tsaye cak amma ba a tsakiya ba. Ta uku ita ce mafi sharri domin babu mai gane ta daga waje: cikin ƙwayar ne bai daidaita ba. Rigar jan ƙarfen ta fi kauri a gefe ɗaya, ko kuma an bar ɗan kumfan iska a cikin dalma lokacin ƙira. Siffarta tsaf, amma nauyinta ya rinjaya gefe.

Juyin da ido ba ya gani

Da ƙwayar harsashi miƙewa kawai take yi ba tare da juyi ba, da wannan ɗan bambanci bai taka kara ya karya ba. Amma bindigogin soja da na 'yan sanda, irin su AK-47 da G3, an tsaga musu wasu layuka a murɗe a cikin bututu. Da ƙwaya ta shiga, layukan sai su ciji rigarta su murza ta. Juyin nan shi ke hana ta wuntsilawa a iska, ya riƙe tsininta yana kallon gaba.

Saurin juyin ba na wasa ba ne. A AK-47 ƙwaya tana kammala zagaye ɗaya a duk tafiyar milimita 240, kuma tana barin bakin bindiga da gudun kusan mita 715 a daƙiƙa. In aka raba, juyi kusan 3,000 ke nan a daƙiƙa guda, wajen 180,000 a minti. Injin mota da ke gudu a hanyar Bauchi zuwa Gombe da ƙyar yake wuce juyi 3,000 a minti.

Wanda ya taɓa zama kusa da tsohuwa tana kaɗi ya ga abin da ke faruwa. In ramin gululu bai faɗa a tsakiya ba, mazari ba ya tsayawa wuri ɗaya a cikin tasa, rawa yake yi yana fizgar zare, kuma ƙara masa sauri ƙara masa rawa ne. Ƙwayar da nauyinta ya rinjaya gefe haka take, da bambanci guda mai muhimmanci. Muddin tana cikin bututu ba ta da ikon yin rawa, ƙarfe ya matse ta ta ko'ina, dole ta juya a kan tsakiyar siffarta, ita kuwa cibiyar nauyinta tana ta zagaya layin tsakiya. Da ta fito fili babu abin da ya riƙe ta, sai cibiyar nauyin ta ci gaba da tafiya ta ɓangaren da take fuskanta a daidai lokacin fitar. Ƙwayar ta samu ɗan turi zuwa gefe ke nan, kuma ba za ta dawo ba.

Wane gefe? Ya danganta da yadda harsashin ya kwanta a mazauninsa. Na farko ɓangarensa mai nauyi yana sama, na biyu yana hagu, na uku yana ƙasa. Mai harbi bai sani ba, bai kuma zaɓa ba. Shi ya sa ramukan ke watsuwa kewaye da wurin da aka saita maimakon su taru gefe guda. In kuwa duk sun taru gefe guda, to ba harsashi ba ne, saitin bindigar ne ke neman gyara.

Ƙwayar da ta shiga bututu a gicciye tana da ƙarin matsala. Layukan za su cije ta a karkace, ta fito tsininta yana ɗan kewaya, iska ta kama gefenta ta ƙara ture ta kafin juyi ya kwantar da ita. Wani likita Ba'amurke, Franklin Mann na jihar Massachusetts, ya shafe shekaru yana bin diddigin wannan. Yakan ɓata ƙwayoyi da gangan, ya harba su ta cikin jerin takardu don ya ga yadda suke tafiya a iska, ya kuma wallafa sakamakonsa a 1909. Batun ya haura shekara ɗari da sani.

Nawa ne girman ɓarnar?

A nan lissafi ya fi surutu amfani. A ce cibiyar nauyin ƙwaya ta goce daga tsakiya da milimita 0.01, kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Gashin kai ya ninka wannan kauri aƙalla sau biyar. A bututu mai murɗin milimita 240, wannan 'yar gociya tana kawar da ƙwaya da kusan santimita 2.6 a nisan mita 100, kusan santimita 8 a mita 300. Tun da kuma kowace ƙwaya da ɓangaren da take nufa, wata dama wata hagu, faɗin wurin da ramukan za su mamaye ya ninka haka. Abin mamakin shi ne gudun harsashi ba ya cikin wannan lissafi, tsananin murɗin bututu ne ke ciki. Bututun da ya fi murɗewa ya fi tona asirin ƙwaya marar kyau.

Sai dai a ajiye wannan kusa da kuskuren ɗan Adam. Tazarar da ke tsakanin abin saiti na baya da na gaba a AK-47 milimita 378 ce. Idan mai harbi ya kuskure jera su da milimita 1 kacal, harsashi zai sauka santimita 26 daga inda ya nufa a mita 100. Ninki goma ke nan na waccan gociya. Ba a zo maganar numfashi ba, da fizgar kunama, da faɗuwar gaba ga wanda ake harbowa shi ma. Ba a zo maganar iskar hunturu ba, ko bututun da ya cinye, ko bakin bindigar da aka buga da dutse ya lanƙwashe.

Ita kanta bindigar ba a ƙera ta don wannan tsantseni ba. A ƙa'idar sojojin tsohuwar Tarayyar Sobiyet, in harsashi huɗu suka faɗa cikin da'ira mai faɗin santimita 15 a mita 100, AK ta ci jarrabawa. An bar sarari a mazaunin harsashinta da gangan domin ta ci gaba da aiki cikin ƙura da laka.

Akwai wani abu da ko masu ilimi kan manta: kurakurai irin waɗannan ba tara su ake yi kai tsaye ba, domin wani na ja dama wani na ja hagu. Bindigar da dama can take watsa harsashi a faɗin santimita 15, in aka ƙara mata matsalar harsashi ta santimita 3, faɗin ba 18 zai zama ba, kusan 15.3 ne. Babu idon da zai lura. Amma bindigar gasa mai tara ramukanta a santimita 1.5, wannan matsalar dai za ta kai ta kusan 3.4. Ta ninka har da ɗoriya, gasa kuwa ta tafi.

Saɓanin masana

Masu harbin gasa a Amurka da Turai, inda doka ta yarje wa mutum ya cika harsashinsa da kansa, suna da abin awo na musamman. Ana kwantar da harsashi a kan mazauni, a ɗora allurar wani ɗan agogon awo kusa da tsinin ƙwaya, a riƙa mirgina shi a hankali. In allura ta tsaya cak, ya miƙe. In tana hawa da sauka, ana karanta tazarar. Abin da agogon ya nuna ninki biyu ne na ainihin gociyar, domin ya auna ta a hawa ya kuma auna ta a sauka. Yawancinsu suna neman kada ya wuce inci 0.002, kusan milimita 0.05.

Ɓangare guda na cewa wannan awo wajibi ne, kuma suna da hujja: a gasar da ake ɗora bindiga a kan benci, gwanaye na zura harsashi biyar ta rami kusan guda a nisan yadi 100, don haka komai ƙanƙantar aibi sai ya fito. Ɗaya ɓangaren na cewa an zuzuta abin. Sun ware harsasai miƙaƙƙu da masu 'yar karkata, sun harba, ba su ga bambancin a zo a gani ba. Dalilinsu shi ne maƙogwaron bututu, wurin da ƙwaya ke fara shiga kafin layuka su kama ta, in matsattse ne yakan miƙar da ita da kansa. Ke nan abin da agogo ya nuna a kan tebur ba lallai ne shi ya fita ta bakin bindiga ba. Siffar ƙwaya ma na da nata: mai dogon siririn tsini ta fi jin jiki in ta shiga a karkace, mai ɗan dunƙulallen kai ta fi sauƙin gyara zamanta.

A ganina kowanne ya faɗi gaskiyar bindigarsa ne, amma ɓangare na biyu ya fi kusa da abin da yawancin masu riƙe bindiga za su gani. Inda babu gardama shi ne rashin daidaiton cikin ƙwaya. Maƙogwaro na iya miƙar da wadda ta zauna a gicciye, amma ba ya iya mayar da nauyi tsakiya. Shi ya sa ƙwayoyin gasa ke da tsada: kuɗin na tafiya ne wajen tabbatar da kaurin riga ɗaya ne ta kowane gefe. A gasar Olamfik ta mita 50, da'irar maki goma faɗinta milimita 10.4 ne kawai, don haka 'yan wasa kan kai bindigarsu wurin gwaji na kamfanoni irin su Eley a Ingila ko Lapua, su gwada rukuni-rukuni na harsashi har su samu wanda ya dace da bututunsu, sannan su saye shi da yawa.

To bindigar maharbanmu fa?

Duk abin da aka faɗa a sama na bindiga mai murɗaɗɗen ciki ne. Galibin abin da ke hannun mafarauta da 'yan banga a Bauchi da Gombe ba ita ba ce. Ko dai bindigar toka da ake ɗurawa ta baki, ko mai baki biyu, ko wadda ake zugewa, kuma duk cikinsu sumul yake, babu layi babu juyi.

Mai cin katiriji, wato mai baki biyu da wadda ake zugewa, ba ƙwaya ɗaya take fitarwa ba, tarin 'yan dalma ne ke fita su bazu. A wurinta abin da ya yi kama da daidaiton cibiya shi ne zagayen kowace 'yar dalma. Waɗanda suka goge da bangon bututu suka baje, su ne ke fanɗarewa daga tarin su tafi gefe. Amfaninta na kusa ne, 'yan gomomin mita.

Bindigar toka kuwa ta tara duk aibin da ake gudu. Abin da aka ɗura mata bai cika faɗin bututu ba, sai ya riƙa karo da bango yana tafiya, kuma karon ƙarshe kafin ya fita shi ke zaɓa masa hanya. Sau da yawa ma ba zagayayye ba ne, guntun ƙarfe ne ko dalmar da aka fasa. Awon albarushi da ido ake yi, na yau daban na gobe daban. A nan gociyar ba ta kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba ce, ta milimita sukutum ce ko fiye. Tsofaffin maharba sun san haka ba tare da lissafi ba, shi ya sa gwanintarsu ta koma sanɗa: burtu a ka, bin iska, a matso dab da nama kafin a saki wuta. In ka ji Sarkin Baka na yabon yaronsa, da wuya ya ce ya iya harbi daga nesa, cewa zai yi ya iya kusantar nama.

Turawa ma sun yi zamanin wannan. Bindigar sojan Ingila ta ƙarni na 18 faɗin bututunta inci 0.75 ne, dalmarta kuwa wajen 0.69, don a samu saurin ɗurawa. Sai a 1849 wani hafsan Faransa, Claude Minié, ya fito da ƙwaya mai rami a gindi wadda ke buɗewa ta kama layukan bututu in wuta ta tashi. Daga nan nisan harbi ya canza. Sakamakon ya iso har ƙasarmu. A Burmi, kusa da Bajoga a jihar Gombe ta yau, ranar 27 ga Yuli 1903, mutanen Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya da kibau da masu da 'yan bindigogin toka suka fuskanci rundunar da ke harbi daidai daga nisan da ba a iya mayar mata. Jarumta ba ta yi ƙaranci ba, har kwamandan Turawan, Manjo Marsh, kibiya mai dafi ta kashe shi a ranar. Tazarar makami ce ta yi yawa.

Kau-da-bara da gwajin maganin bindiga

Ba gardamar imanin kowa na zo yi ba. Abin da ke gabana shi ne bindigar toka tana kuskure da kanta, ba sai an taimaka mata ba. A harbi mutum da ita daga nesa, dalma ta wuce ta gefe, ko ta iso ƙarfinta ya ƙare ta tsaya a babbar riga da layu, sai labari ya bazu cewa harsashi ba ya cin wane. Shi ma ya yarda. Daga nan sai a zo gwaji a tsakar gida, taku biyar tsakani, inda babu wata karkatar da za ta isa ta kawar da ƙwaya daga ƙirji. An sha jin yadda irin wannan gwaji ke ƙarewa a jaridu: ɗaya a makabarta, ɗaya a hannun 'yan sanda. Gociyar da ke santimita 26 a mita 100 ba ta kai santimita 2 ba a mita 5.

Inda abin ya shafi wanda bai taɓa riƙe bindiga ba

Harsashin da ya kuskure abin hari ba ɓacewa yake yi ba. Na AK-47 yana iya tafiyar kusan kilomita 3, kuma yana iya kisa har a mita 1,500. Duk abin da ya ƙara watsuwar harbi, ko hannu ne ko bututu ko harsashi, ya ƙara yiwuwar ya sauka a kan mai tallar nono ko yaron da ke kiwo. Wannan ne dalilin da sojoji ke sanar da jama'a su nisanci filin atisaye in za su yi gwajin harbi, kuma shi ne abin da ya sa harbin iska a biki ko a taron siyasa ganganci ne, komai gwanintar mai yi.

Ga hukumomin tsaro, darasin na sayayya da ajiya ne. Najeriya na da masana'antar makamai ta DICON a Kaduna tun 1964, ana kuma shigo da harsasai daga ƙasashe daban-daban. Jami'in da ya gyara saitinsa da rukuni ɗaya aka ba shi wani daban ranar aiki, inda harbinsa ke sauka na iya canzawa. Harsashi mai kyau ma yana lalacewa a hannu. Wanda ake sakawa a mazauni a cire kullum safe da yamma, ƙwayarsa na iya nutsewa cikin kwanso ko ta karkace saboda dukan da take sha a hanyar shiga. Wanda ya sha damina a aljihu ya yi tsatsa, ko wanda aka bari a mota a zafin Afrilu, ba zai yi aiki kamar sabo ba. Waɗannan sun fi gociyar masana'anta yawa a wurinmu, kuma sun fi sauƙin magancewa.

Mai son ya kwaikwayi Amurkawa ya riƙa cika harsashi a gida, ya san dokarmu daban take. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku: irin na yaƙi sai da izinin Shugaban Ƙasa, irin su mai baki biyu sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, bindigar toka kuma Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izininta. Riƙe harsashi ba tare da lasisin bindigarsa ba laifi ne, haka ma ƙera shi ba da izini ba. Katirijin da aka sake cikawa a ɓoye ake sayarwa da araha, babu wanda ya auna albarushinsa, kuma in ya yi yawa bututu ne ke fashewa a hannun mai harbi.